BABI NA UKU: NISAN KADUNA DA JIDDA, DAGA TAFIYAR ƘASA ZUWA JIRGIN SAMA

3.0 Gabatarwa

A babin da ya gabata an dubi yadda hanyar jirgin ƙasa ta haɗa Kaduna da sauran manyan garuruwan Nijeriya. A wannan babi kuwa za a ƙetare iyaka, a dubi nisan da ke tsakanin Kaduna da birnin Jidda na ƙasar Saudiyya ta jirgin sama, da kuma yadda ma'anar wannan nisa ta riƙa sauyawa a wurin matafiya tun daga farkon ƙarni na ashirin. An zaɓi Jidda ne domin a tsawon shekaru babu wani birnin ƙetare da mutanen jihar Kaduna suka riƙa tashi zuwa cikinsa da yawa, a lokaci guda, shekara bayan shekara, kamarsa.

Abin da babin yake son nunawa shi ne, tazarar da ke tsakanin biranen biyu ba ta ragu da ko taku ɗaya ba, abin da ya sauya shi ne abin da matafiyi yake biya kafin ya ci ta. A da da shekarun rayuwarsa da ƙarfin jikinsa yake biya. Da jirgin sama ya zo sai biyan ya koma tsabar kuɗi da izinin hukumomi. Haka kuma za a ga cewa ƙasar Sudan, wadda aka zaci jirgi ya tsallake ta har abada, ba ta taɓa fita daga cikin lissafin ba.

Ya kamata a ambata tun a nan cewa ba Musulmi kaɗai ne suke tafiyar ibada zuwa gabas daga Kaduna ba. A unguwannin kudancin kogi, irin su Kamazou da ke cikin ƙaramar hukumar Chikun, akwai Kirista da yawa masu zuwa ziyara Urushalima, kuma wani abin sha'awa shi ne nisan Kaduna da filin jirgin Tel Aviv, wato kimanin kilomita 3,700, kusan ɗaya yake da nisanta da Jidda. Sai dai tarihin waccan hanya daban yake, don haka ba a shigar da shi cikin wannan babi ba.

3.1 Nisan a Bisa Ma'auni

Masana labarin ƙasa ba sa auna tazarar birane biyu masu nisa da layin da ake ja da rula a kan taswira, saboda duniya a mulmule take, taswira kuwa a shimfiɗe. Abin da suke aunawa shi ne layi mafi gajarta da zai bi doron duniya daga wannan wuri zuwa wancan, kamar dai a ɗora zare a jikin ƙwallo a ja shi har ya yi tsauri. A bisa wannan ma'auni, daga filin jirgin saman Kaduna zuwa filin jirgin Sarki Abdul'aziz na Jidda kimanin kilomita 3,600 ne, wato mil 2,240 ko kusa da haka. Daga Kano kimanin kilomita 3,400 ne, daga Maiduguri kimanin 3,000, daga Legas kuwa kimanin 4,200. Idan Madina jirgin ya nufa daga Kaduna, to, nisan ya kai wajen kilomita 3,750.

Idan aka bi wannan layi daga Kaduna za a ga ya ratsa arewa maso gabashin Nijeriya, ya fita ta gefen tafkin Cadi, ya keta hamadar ƙasar Cadi, ya shiga Sudan ta arewacin Darfur, ya ƙetare kogin Nilu a wajajen Dongola, sannan ya faɗa Bahar Maliya ta arewa da Port Sudan. Fiye da sulusin tafiyar gaba ɗaya a sararin samaniyar Sudan ake yin ta. Matuƙa jirgi ba sa bin layin daidai wa daida, domin sama ma tana da hanyoyinta da hukumomi suka shata, amma ba sa nisa da shi ƙwarai. Jirgin zamani mai gudun kilomita 850 a sa'a yakan ci wannan tazara cikin sa'a huɗu da rabi zuwa biyar, idan aka haɗa da tashi da sauka. Agogon Saudiyya kuma yana gaban na Nijeriya da sa'a biyu, shi ya sa maniyyacin da ya tashi da hantsi yakan tarar rana ta yi sanyi.

3.2 Kafin Zuwan Jirgi

Tsohuwar hanyar da sarakuna da malaman ƙasashen Afirka ta Yamma suka fi bi zuwa Makka ta arewa take, wato a keta Sahara ta Fezzan zuwa Alƙahira, a shiga ayarin Masar. Ta Masar Mansa Musa na Mali ya bi a 1324, kuma tun a ƙarni na 13 sarakunan Kanem suka tanadi masauki a Alƙahira domin ɗalibansu da alhazansu. Wannan hanya ta masu hali ce, domin sai da raƙuma da guzuri mai yawa. Wahalarta da rashin tabbas ɗinta na daga cikin abin da ya sa manyan malamai da yawa na ƙasar Hausa suka rasu ba su sauke farali ba. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo kansa bai samu zuwa ba, ko da yake malaminsa Malam Jibrilu ɗan Umaru ya je.

Hanya ta biyu ita ce ta gabas, wadda ta tashi daga Kano ta bi ta Barno, ta shiga Bagarmi da Wadai, ta wuce Darfur da Kordofan, ta ƙetare Nilu, ta ɓulle Sawakin a bakin Bahar Maliya, daga nan a shiga jirgin ruwa zuwa Jidda. Ta fi ta Sahara sauƙi ga talaka saboda tana bi ne ta cikin garuruwa da gonaki, inda mutum zai iya tsayawa ya yi aiki ya sami abin ci gaba. Amma a ƙarshen ƙarni na 19 yaƙe-yaƙe sun toshe ta, ga na Mahadi a Sudan, ga kuma na Rabe wanda ya ci Barno a 1893. Ba ta buɗe sosai ba sai da Faransa ta kama Wadai a 1909, Ingila kuma ta ci Darfur a 1916. Ke nan mulkin mallakar da mutane da yawa suka guje wa, shi ne kuma ya share hanyar da suka bi suka gudu.

Babban misali a nan shi ne hijirar Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya. Bayan Turawa sun ci Sakkwato a watan Maris na 1903, ya kama hanyar gabas da jama'a mai yawa, aka cim masa a Burmi aka kashe shi a watan Yuli na shekarar. Ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da ragowar jama'ar har Sudan, inda suka kafa gari a bakin kogin Nilu kusa da Sinnar, garin da ake kira da sunansa. Wannan gari da makamantansa suka zama zango ga waɗanda suka biyo baya.

A nan ya dace a tsaya a dubi dalilin da ya sa talaka, wanda ba shi da jaki balle raƙumi, zai ɗauki matarsa da 'ya'yansa ya kama wannan hanya. Hajji yana wajaba ne a kan wanda ya sami iko. Sauran mazhabobi sun fassara ikon da samun guzuri da abin hawa. Mazhabar Malikiyya kuwa, wadda ita ake bi a ƙasar Hausa, ta sassauta ma'anar ta wani gefe, ta tsananta ta wani gefen. A littafin Muhtasar na Shaihu Halil an nuna cewa iko shi ne mutum ya iya isa ba tare da matsananciyar wahala ba, da aminci a kan rai da dukiya, ko da babu guzuri da abin hawa, muddin yana iya tafiya a ƙasa kuma yana da sana'ar da za ta riƙe shi a hanya. Wato wanzami, da mahauci, da maɗinki, da malamin allo, da ƙaƙƙarfan manomi, duk suna iya ɗaukar kansu a matsayin masu iko. Jarinsu shi ne lafiya da lokaci.

Haka kuwa aka yi. Matafiyi yakan yi damina a Barno ya yi noma, ya sayar, ya ƙara gaba da rani, ya sake tsayawa a Abeshe ko Alfashir, a haka har ya kai inda jirgin ƙasa yake. Layin dogon Sudan ya isa Al'ubayyid a wajajen 1912, kuma a 1925 aka kammala madatsar ruwa ta Sinnar aka buɗe gonakin auduga na Jazira, waɗanda suke bukatar ma'aikata masu ɗimbin yawa. Alhazan Afirka ta Yamma, waɗanda ake kira Takari ko Fallata a can, su ne suka zama wani babban ɓangare na masu tsinkar audugar. Wani yakan yi shekara biyu ko uku ya tara kuɗin jirgin ruwa, wani ya yi goma, wani kuma ya mutu a can bai ga Ka'aba ba. Birks, a littafinsa na 1978, ya yi nazarin masu bin wannan hanya a Darfur, Bawa Yamba kuma a nasa na 1995 ya nuna yadda jikokin waɗanda suka tsaya a Jazira, waɗanda a Sudan aka haife su, suke ɗaukar kansu har a lokacin a matsayin alhazan da ke kan hanya. Ga irin waɗannan mutane tambayar nawa ne nisan Makka ba ta da amsa a kilomita. Abin da aka sani shi ne, wanda zai tafi yakan biya basussuka, ya bar wasiyya, ya nemi gafarar dangi, domin ba a sa ran dawowarsa.

Hanyar ba ta rasa haɗari ba ko a zamanin Turawa. Masu gudun biyan kuɗin fasfo da zaman keɓewar lafiya a Sawakin sukan bi ta ɓarauniyar hanya su ƙetare teku a ƙananan jiragen ruwa, wasu su nutse, wasu a yasar da su a gaɓar da babu ruwan sha, wasu kuma a sayar da 'ya'yansu bayi a Hijaz.

Tun a wancan lokaci an fara ganin cewa kuɗi na iya sayen lokaci. A 1921 Sarkin Katsina Muhammadu Dikko ya tafi hajji ta jirgin ruwa, ya bi ta Legas da Ingila. A ma'auni hanyarsa ta ninka ta masu tafiyar ƙasa, amma cikin watanni ya je ya dawo.

3.3 Jirgi ya Biyo Sawun Alhazai

Ranar 27 ga Oktoba, 1925, jiragen sojan sama na Ingila guda uku, samfurin DH.9A, suka tashi daga Helwan kusa da Alƙahira a ƙarƙashin jagorancin wani hafsa mai suna Arthur Coningham. Sun gangaro ta Hartum, suka juya yamma ta Al'ubayyid da Alfashir, suka shiga ƙasar Cadi ta Abeshe da Fort Lami, wato Njamena ta yanzu, suka biyo ta Maiduguri, suka sauka Kano ranar 1 ga Nuwamba a filin sukuwa. Bayan 'yan kwanaki suka ƙaraso Kaduna, wadda a lokacin ita ce hedikwatar lardunan Arewa. Wannan shi ne zuwan jirgin sama na farko a Nijeriya.

Duk wanda ya karanta jerin garuruwan nan zai ga cewa su ne dai zangunan alhazai, sai dai an biyo su ta baya. Wannan ba dace ba ne kawai. Jiragen wancan zamani ba sa iya doguwar tafiya ba tare da sun sha mai ba, kuma dole su sauka inda akwai ruwa, da jami'in mulki, da hanyar da za a kawo man a kan raƙuma ko a mota. Irin waɗannan wurare kuwa su ne garuruwan da ayari ya riga ya raya tun shekaru aru-aru. Miƙaƙƙen layin da aka bayyana a sama, wanda ya keta tsakiyar hamada, ba shi da amfani ga jirgin da zai sauka sau bakwai ko takwas a hanya.

A watan Fabrairu na 1936 kamfanin Imperial Airways ya fara zirga-zirgar mako-mako tsakanin Hartum da Kano a kan wannan hanya, kafin ƙarshen shekarar kuma aka miƙa ta zuwa Legas, tana biyowa ta Kaduna. Ke nan ƙofar farko da ta haɗa Arewacin Nijeriya da duniya ta sama gabas take kallo, har wasiƙar da za ta Landan ma sai ta bi ta Sudan. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu hanyar ta ƙara muhimmanci. Daga 1940 Ingila ta riƙa kawo jiragen yaƙi a akwatuna zuwa Takoradi ta ƙasar Gana, a harhaɗa su a can, a tuƙo su ta Legas da Kano da Maiduguri da Janaina da Hartum zuwa fagen fama a Masar. Dubban jirage suka bi ta nan, aka faɗaɗa filayen sauka, aka kafa tashoshin waya da na duba yanayi. Da yaƙi ya ƙare, waɗannan filaye su ne jiragen alhazai suka gada.

3.4 Alhazai Sun Hau Jirgi

'Yan kasuwar Kano ne suka fara mayar da jigilar alhazai sana'a. A 1948 Alhaji Muhammadu Nagoda da Alhaji Haruna Ƙasim da Alhaji Ibrahim Musa Gashash suka kafa ƙungiyar jigilar alhazai, wadda ta fara da manyan motoci a kan hanyar Sudan, daga baya harkar ta kai ga shatar jiragen sama daga Kano. Gwamnati ta biyo baya. A 1953 Alhaji Abubakar Imam ya kawo batun halin da alhazan Nijeriya suke ciki a gaban majalisar wakilai a Legas, ya nemi a buɗe musu ofis a Jidda. A 1955 Sardaunan Sakkwato Ahmadu Bello, Firimiyan Jihar Arewa, ya yi hajjinsa na farko, a 1957 kuma aka tura Malam Abubakar Gumi Jidda a matsayin jami'in kula da alhazai.

Tafiye-tafiyen Sardauna suna da muhimmanci ga wannan bincike ta fuska guda. Daga Kaduna yake gudanar da mulki, amma bayan 1955 kusan kowace shekara yakan je Makka da tawagar sarakuna da ministoci da attajirai, ya dawo ya ci gaba da aikinsa. A da mai mulki ba ya iya barin gadonsa na tsawon lokacin da hajji yake ci, shi ya sa sarakunan da suka je a kan mulki ba su da yawa. Yanzu kuwa sai ga shi hajji ya zama abin da ake shiryawa a tsakanin zaman majalisa da zaman majalisa. Wannan kusanci shi ne ya ba shi damar zama ɗaya daga cikin jagororin ƙungiyar Rabiɗa da aka kafa a Makka a 1962, shekarar da aka kafa Jama'atu Nasril Islam a Kaduna.

A waɗannan shekaru Kano ce tashar alhazan Arewa. Mutumin Kaduna sai ya yi tafiyar kimanin kilomita 230 zuwa can a mota ko a jirgin ƙasa kafin ya ga jirgin da zai hau. Ƙananan jiragen farko masu farfela sukan ya da zango a hanya su sha mai. Da manyan jirage irin su Boeing 707 suka shigo a shekarun 1960, sai aka daina sauka a Cadi da Sudan, jirgi ya riƙa tashi daga Kano bai tsaya ba sai Jidda. A wannan lokaci ne nisan da ke kan takarda da nisan da matafiyi yake ci suka kusan zama ɗaya. Garuruwan da suka rayu da alhazai shekaru da dama kuwa suka koma abin da ake hangowa ta taga, idan ma an hango su.

Arzikin man fetur ya ƙara wa harkar gudu. A 1975 gwamnatin tarayya ta kafa hukumar alhazai ta ƙasa, ta karɓe jigilar daga hannun 'yan kasuwa, kamfanin Nigeria Airways ya zama shi ne mai ɗaukar alhazai da jiragensa da waɗanda yake shata. A 1977 yawan alhazan Nijeriya ya haura dubu ɗari. A 1981 Saudiyya ta buɗe sabon filin jirgin Jidda mai tasha ta musamman domin alhazai, a 1982 kuma aka buɗe sabon filin jirgin Kaduna a arewa maso yammacin gari, cikin yankin Igabi, tsohon filin ya zama na sojan sama. Maniyyatan jihar suka riƙa taruwa a sansanin alhazai na Mando a tantance su a kai su filin jirgi. Sanannen abu ne cewa sau da yawa kwanakin da maniyyaci yake yi a sansani yana jiran jirgi sun ninka sa'o'in da zai yi a sama nesa ba kusa ba.

3.5 Abin da Gajartar Tafiya ta Haifar

Sauyi mafi girma shi ne na ma'anar iko. Jirgi ba ya karɓar sana'a a madadin kuɗi, kuma ba a biyansa zango zango. Dole a tara kuɗin kujera gaba ɗaya kafin a tashi, ga fasfo, ga biza, ga allurar rigakafi. Wanzamin da a da zai iya kai kansa Makka da askarsa, yanzu sai ya sayar da gona, ko ya yi adashi na shekaru, ko ya jira wani mai hali ko gwamnati su biya masa. Daga nan ne kalmar kujera ta shiga siyasa, har ta zama abin da ake saka wa magoya baya da shi. A 2015 gwamnatin jihar Kaduna ta sanar da daina biya wa mutane kujerun hajji da na Urushalima daga baitulmali. Kuɗin kuwa yana bin darajar naira ne, domin da dala ake biyan jirgi da masauki. A 2023 kujera ta kai kusan naira miliyan 2.9 a Arewa, a 2025 kuma ta haura miliyan 8. Har a cikin wannan lissafi nisa bai ɓace ba, domin hukumar alhazai takan yanka wa masu tashi daga Maiduguri da Yola kuɗi mafi ƙaranci, sauran jihohin Arewa su biyo baya, na Kudu su fi kowa biya.

Izinin hukumomi shi ma ya zama wani shinge da babu shi a da. A 1988 ƙasashen Musulmi suka amince da ƙa'idar ba kowace ƙasa kujera dubu ɗaya ga kowane Musulmi miliyan ɗaya. A 1996 Saudiyya ta hana alhazan Nijeriya shiga saboda annobar sanƙarau, a 2020 da 2021 kuma ta rufe ƙofa ga alhazan ƙetare baki ɗaya saboda annobar korona. A waɗannan shekaru ga jirgi ga kuɗi, amma Jidda ta fi nisa ga mutumin Kaduna fiye da yadda take ga kakansa mai tafiya a ƙasa.

Saurin jirgi ya kuma haifar da tambaya ta fiƙihu. Mai zuwa ta ƙasa ko ta ruwa yana da lokacin da zai tsaya a miƙati ya yi wanka ya ɗaura harami. Mai zuwa ta sama kuwa yakan gifta daidai miƙatin cikin ƙiftawar ido yana ɗaure a kujera. Malamai suka saɓa, wasu suka ce a ɗaura tun daga gida a yi niyya a cikin jirgi, wasu suka halatta a jinkirta sai an sauka Jidda. Tsarin fara kai alhazai Madina ya rage wannan muhawara, domin daga can kowa yana ɗaura haraminsa a Zulhulaifa.

Ta fuskar kasuwanci, gajartar tafiya ta haifar da wani rukuni na 'yan kasuwa, maza da mata, masu kai-komo da kaya tsakanin ƙasashen biyu, waɗanda Hausawa suka raɗa wa suna 'yan Kano-Jidda. Wannan suna kaɗai ya isa shaida, domin an haɗa birane biyu da ke da tazarar kilomita 3,400 a kalma guda, kamar yadda ɗan kamasho yake kiran Kaduna-Zariya a tasha.

Hanyar sama ba ta kawar da mutuwa a tafarkin hajji ba, ta dai sauya mata kama. Ranar 22 ga Janairu, 1973, jirgi samfurin Boeing 707 na kamfanin ƙasar Jodan, wanda Nigeria Airways ya yi shatarsa domin dawo da alhazai daga Jidda zuwa Legas, ya karkata zuwa Kano saboda rashin kyan yanayi, ya faɗi wajen sauka ya kama wuta, mutum 176 suka rasu. Ranar 11 ga Yuli, 1991, wani jirgin samfurin DC-8 na wani kamfanin Kanada, wanda shi ma shatarsa aka yi domin kai alhazai Sakkwato, ya kama wuta jim kaɗan bayan tashinsa daga Jidda sakamakon fashewar tayoyin da ba su da isasshiyar iska, ya faɗi kafin ya koma filin, duk mutum 261 da ke ciki suka rasu. Duka jiragen biyu na haya ne, abin da ke nuna irin matsin da ake shiga idan za a kwashe dubban mutane cikin 'yan makonni da jiragen da ƙasa ba ta mallaka ba. Bayan rushewar Nigeria Airways a 2003 da kafa sabuwar hukumar alhazai ta ƙasa a 2006, jigilar ta koma hannun kamfanoni masu zaman kansu irin su Kabo Air da Max Air, tare da kason da ake ware wa kamfanin Saudiyya.

3.6 Rufe Sararin Samaniyar Sudan a 2023

Ranar 15 ga Afrilu, 2023, yaƙi ya ɓarke a Hartum tsakanin sojojin Sudan da dakarun RSF, aka rufe sararin samaniyar ƙasar. Wannan ya faru ne ana saura 'yan makonni a fara jigilar alhazai, bayan an riga an yanka kuɗin kujera, maniyyata kuma sun biya. Nijeriya tana da kujera 95,000 a shekarar. Kamar yadda aka nuna a farkon babin, fiye da sulusin hanyar Kaduna zuwa Jidda ta saman Sudan take, saboda haka babu yadda za a yi a ɗan kauce, sai dai a kewaye ƙasar gaba ɗaya, ko ta kudu ko ta arewa. Kowacce aka bi, tafiyar da aka saba yi cikin sa'a biyar ko ƙasa da haka sai ta ƙaru da wajen sa'a biyu, man da jirgi zai sha ya ƙaru, ga kuma kuɗin ratsa sararin wasu ƙasashen da a da ba a bi ta kansu.

Kamfanonin jiragen Nijeriya da aka zaɓa suka ƙi sa hannu a yarjejeniyar jigila a kan tsohon farashi. Bayan tattaunawa da hukumar alhazai aka daidaita a kan ƙarin dala 250 ga kowane maniyyaci, aka kuma zaftare wani ɓangare na ƙarin daga kuɗin guzurin alhazan. Jiragen farko suka fara tashi a ƙarshen watan Mayu. A daidai wannan lokaci gwamnatin Nijeriya tana kwaso ɗalibanta daga Hartum a motoci zuwa iyakar Masar da Port Sudan, kafin shekarar ta ƙare kuma yaƙin ya isa Jazira, inda zuriyar alhazan da suka tsaya tsinkar auduga suke zaune.